Dogon Bugu Ko Ba-Ni-In-Ba-Ka: Shekara Goma Ta Magina Tukwane A Gasar Firimiya

Asalin lamarin: kafin Agustan 2008

A tsakiyar Ingila, a bakin kogin Trent, akwai wani birni, Stoke-on-Trent, da ya yi suna wajen ginin tukwane da tangaran. Da sana'ar ake yi wa ƙungiyar ƙwallon ƙafar birnin, Stoke City, laƙabi, ana ce musu Magina Tukwane, kuma da wannan laƙabin zan riƙa kiransu. Tsohuwar ƙungiya ce, tana cikin sha biyun da suka kafa gasar lig ta Ingila a 1888, sai dai tsufan bai tara mata kofuna ba. A 1985 ta faɗi daga babban rukuni da maki 17 kacal, ta shekara 23 ba ta leƙo ba. Ranar 4 ga Mayun 2008 ta tashi babu ci da Leicester a gida, ta ƙare ta biyu a Championship, wato rukuni na biyu, ta hau Firimiya.

Daga ranar aka shiga tunanin yadda za a zauna. Derby County da ta riga su hawa da shekara guda ta koma ƙasa da maki 11, wasa ɗaya tak ta ci cikin 38. Maginan ba su da aljihun Manchester United ko Chelsea, kuma duk mai son zama a Firimiya sai ya nemo maki wajen 40 a kowace kaka.

Hanya biyu ce a gabansu. Ta farko ita ce wadda Ingila ta gada kaka da kakanni: da ƙwallo ta shigo hannun gola ko ƙafar ɗan baya, a cilla ta gaba ta tsallake tsakiya, dogon ɗan gaba ya tare ta da ka ko da ƙirji, sauran su ruga su tsinci abin da ya faɗo. Wani jami'in sojan sama, Charles Reep, shi ya ba wannan hanya hujjar lissafi. Tun 1950 yake zama a bakin fili da fensir yana ƙirga fasin, a 1968 kuma shi da Bernard Benjamin suka wallafa cewa kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwallayen da ake ci suna fitowa daga harin da bai wuce fasin uku ba. Daga baya masu nazari sun gano ramin da ke cikin lissafin, domin dama can yawancin hare-hare gajeru ne, dole su fi yawa a cikin kowane ƙidaya. Amma kafin nan ra'ayin ya riga ya yi jijiya. Da irin wannan wasa Wimbledon ta su John Fashanu ta doke Liverpool 1-0 a wasan ƙarshe na Kofin FA a 1988.

Hanya ta biyu ita ce ba-ni-in-ba-ka, ƙwallo a ƙasa daga ƙafa zuwa ƙafa, a yi ta jan abokin hamayya har ya bar gurbinsa, sannan a soke ta cikin gurbin. Hujjar masu wannan hanya ita ce muddin ƙwallo na ƙafarka ba za a ci ka ba. A wannan bazarar ta 2008 Sifaniya ta ɗauki Kofin Turai da wannan salo, Pep Guardiola kuma ya karɓi Barcelona.

Kocin Maginan, Tony Pulis, mutumin Wales mai hula hana-salla, bai yi wata-wata ba. Ta farko ya ɗauka.

Kakar 2008/09: dogon bugu da jifa

Wasan farko Bolton ta ba su 3-1. Wani kamfanin caca bai ma jira wasa na biyu ba, ya biya waɗanda suka ce Maginan za su faɗi. Mako guda bayan haka Aston Villa ta zo filin Britannia, gidan Maginan, ana 2-2 a daƙiƙun ƙarshe, Rory Delap ya yi jifa daga gefen fili, Mamady Sidibe ɗan Mali ya sa kai, aka tashi 3-2.

Tsarin mai sauƙin faɗa ne. 'Yan baya huɗu, 'yan tsakiya huɗu, a matse kusa da juna. Sau da yawa 'yan bayan gefe ma asalinsu 'yan bayan tsakiya ne, dogaye, ba su cika yin nisa da gida ba. An tsuke faɗin filin zuwa mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda, don kada masu raba ƙwallo su sami sarari. Ba a wasa da ƙwallo kusa da raga. A cilla wa Sidibe, ya goga wa Ricardo Fuller ɗan Jamaika, in ba ta yi ba a nemi kwana, ko bugun tazara, ko jifa. Ko an yi asarar ƙwallo, an yi ta ne can nesa da gida, kuma mutum takwas na nan a bayanta.

Jifan Delap kuwa sai an tsaya a kansa, domin shi ya mayar da tsarin abin tsoro. Tun yana ɗan makaranta gwanin jifan mashi ne. Yakan goge ƙwallo da tawul, ya ja da baya, ya sheƙo, ya wurgo ta tun daga nesa har bakin raga. Jifan nasa a miƙe yake tafiya kamar an harba kibiya, ba ya yin lilo a sama balle gola ya sami lokacin fitowa ya cafke. Ga shi dokar ƙwallo ta ce babu satar gida a jifa, saboda haka ƙartin Maginan sai su cika da'irar gola su tsaya masa a gaba. Kowa ya taɓa ta, nasu ko na abokan hamayya, tana iya faɗawa raga. Wato duk ƙwallon da ta fita a kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen fili ta zama tamkar kwana.

Ranar 1 ga Nuwamban 2008 Arsenal ta Arsène Wenger, wadda a lokacin ta fi kowa a Ingila iya ba-ni-in-ba-ka, ta zo ta sha kashi 2-1. Duka ƙwallayen biyu daga jifan Delap suka fito. Fuller ya ci ta farko, ta biyu kuma ɗan Najeriya Seyi Olofinjana ne ya tura ta raga. A cikin watan ne golan Hull, Boaz Myhill, da aka matsa masa, ya gwammace ya buga ƙwallo ta fita kwana da ya bari ta fita jifa.

A Janairu aka ƙaro James Beattie da Matthew Etherington. Kakar ta ƙare suna na 12 da maki 45. Sun ci ƙwallo 38, an ci su 55. Maki 35 daga cikin 45 ɗin a gida aka samo su, a waje kuwa wasa biyu kawai suka ci.

2009 zuwa 2012: ƙarfi, suna da tsangwama

Pulis ya ci gaba da gini a kan tubalin nan. Robert Huth ya zo a 2009 ya haɗu da Ryan Shawcross a tsakiyar baya, Asmir Begović ya zo raga a farkon 2010, sai Kenwyne Jones da Jonathan Walters da Jermaine Pennant. Kakar 2009/10 sun ƙare na 11 da maki 47, ƙwallo 34 suka ci, aka ci su 48.

Tsangwama ta biyo baya. A Fabrairun 2010 Shawcross ya karya ƙafar Aaron Ramsey na Arsenal a wata haɗuwa, ya fita fili yana hawaye, daga baya Wenger ya kwatanta wasan Maginan da ƙwallon zari-ruga. A ƙarshen shekarar wani mai sharhi a talabijin, Andy Gray, ya yi shakkar ko Messi zai iya abin da yake yi in aka kai shi filin nan a daren sanyi. Maganar ta zama karin magana, har a gidajen kallonmu ana jefa ta duk lokacin da gardamar Barcelona ta tashi. Filin na kan tudu, kusurwoyinsa a buɗe, iska na ratsa shi. Duk wanda ya taɓa taka leda a filin unguwa mai tudu da kwari, ko da yammacin hunturu iska na kaɗawa, ya san akwai ranar da fili da kansa ke hana ƙwallo tafiya a ƙasa.

Kakar 2010/11 ce ta fi armashi. Etherington a hagu, Pennant a dama, suna ɗago ƙwallo ga Jones da Walters. Sun ci 46 a lig, mafi yawa a zamanin Pulis, suka ƙare na 13 da maki 46. A Wembley sun lallasa Bolton 5-0 a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA, sannan ranar 14 ga Mayun 2011 Yaya Touré ya ci su ɗaya mai ban haushi, Manchester City ta ɗauki kofin. Zuwa wasan ƙarshen ya ba su gurbin gasar Europa a kaka mai zuwa. Sun buga wasa 12 a Turai, sun fito daga rukunin da ke da Beşiktaş da Dynamo Kyiv, sai Valencia ta fitar da su da ci 1-0 gida da waje.

Don kakar 2011/12 aka kashe kuɗi. An sayo Peter Crouch, mai tsawon mita 2.01, a kan fam miliyan 10, tare da Wilson Palacios. Duk da haka ƙwallo 36 suka ci a lig a 2011/12, babu wanda ya kai su ƙarancin ci a gasar. Maki 45, na 14.

Kakar 2012/13: inda dogon bugu ya tsaya

Shekaru sun cim ma Delap, abokan hamayya kuma sun koyi tsayuwar tarbar jifa. A Agustan 2012 Pulis ya sayo Steven Nzonzi daga Blackburn da Charlie Adam daga Liverpool, dukansu masu iya riƙe ƙwallo da raba ta, amma tsarin bai canza ba, ƙwallo na ta wucewa ta saman kansu.

Rabin farko ya yi kyau, har suka doke Liverpool 3-1 washegarin Kirsimeti. Daga Janairu zuwa Mayu kuwa wasa uku kawai suka ci. Da an riga su ci, ko abokin hamayya ya koma baya ya ce ku zo, sai a rasa mabuɗi, a yi ta cillawa ana dawo da ita. Sun ƙare na 13 da maki 42, ƙwallo 34, an ci su 45, canjaras 15. QPR da ta zo ta ƙarshe ce kawai ta kasa su ci. Magoya baya suka fara gunaguni cewa ana biyan kuɗin tikiti ana kallon sama. Ranar 21 ga Mayun 2013 shugaban ƙungiyar, Peter Coates, ya rabu da Pulis. Bai taɓa faɗuwa da su ba, bai kuma taɓa kai su cikin goman farko ba.

2013 zuwa Mayun 2015: sauke ƙwallo ƙasa

Ranar 30 ga Mayu aka naɗa Mark Hughes, shi ma ɗan Wales, wanda ya taɓa buga wa Manchester United da Barcelona da Bayern Munich. Aikin da aka ba shi a fili yake: a sauke ƙwallo ƙasa, a haura teburi.

Bai rushe gidan ba. Begović, Shawcross, Glenn Whelan, Nzonzi, Walters da Crouch duk suna nan. Abin da ya sauya shi ne umarni. 'Yan baya su fara neman Nzonzi kafin su yi tunanin cillawa, 'yan bayan gefe su hau, a ajiye mutum uku a bayan ɗan gaba ɗaya. Ya ƙaro Marko Arnautović da Erik Pieters, sai Marc Muniesa daga Barcelona. A Janairun 2014 aka yi musayar Kenwyne Jones da Peter Odemwingie daga Cardiff, gudun ɗan Najeriyar da ƙwallayensa suka ɗaga ƙungiyar a watannin ƙarshe. Tsohon hali bai gushe ba: ranar 2 ga Nuwamban 2013 Begović ya buga ƙwallo daga gidansa, iska ta ɗauke ta, ta yi tsalle ta haye golan Southampton, daƙiƙa 13 da fara wasa. A gida sun doke Chelsea da Manchester United da Arsenal. Maki 50, na 9, matsayi mafi kyau tun 1975.

A 2014 Bojan Krkić ya zo daga Barcelona, Mame Biram Diouf ɗan Senegal daga Hannover, Victor Moses kuma aro daga Chelsea. A ƙarshen Agusta suka je gidan Manchester City suka ci 1-0. Sun bar wa City ƙwallo, Diouf ya ɗauko ta tun daga rabin filinsu ya sheƙa har raga. A wasan ne Odemwingie ya ji mummunan rauni a gwiwa. A Disamba Crouch ya ci Arsenal cikin daƙiƙa 19, kafin hutun rabin lokaci ana 3-0, aka tashi 3-2. Bojan, wanda ya zama mahaɗin tsakiya da gaba, shi ma gwiwa ta ɗauke shi a Janairun 2015.

Ranar 24 ga Mayun 2015, wasan bankwanan Steven Gerrard da Liverpool, Maginan suka ci 6-1, biyar kafin hutu. Diouf ya ci biyu. Sauran huɗun Walters ne da Adam da Nzonzi da Crouch, dukansu sayen Pulis. Kakar ta ƙare da maki 54, na 9, sun ci 48, an ci su 45. A duk shekara goman, wannan ce kaka ɗaya tilo da abin da suka ci ya fi abin da aka ci su.

Yulin 2015 zuwa Afrilun 2016: ƙololuwa da tsagewar bango

A bazarar nan mutum uku suka fita. Nzonzi ya tafi Sevilla, Begović ya tafi Chelsea, Huth kuma ya koma Leicester dindindin. Xherdan Shaqiri ya shigo daga Inter Milan a kan fam miliyan 12, Ibrahim Afellay daga Barcelona.

Disambar 2015 ba ta mantuwa ga wanda ya kalla. Hughes ya ajiye dogon ɗan gaba a benci, ya sa Bojan a matsayin lamba tara da ke janyewa tsakiya, Arnautović da Shaqiri na kutsowa daga gefe. Manchester City ta sha 2-0, Manchester United ta sha 2-0, aka je gidan Everton aka ci 4-3. 'Yan jarida suka haɗa sunan ƙungiyar da na Barcelona suka yi mata sabon laƙabi. A Janairu sun kai wasan kusa da na ƙarshe na League Cup, Liverpool ta fitar da su a bugun fenariti.

A farkon Fabrairun 2016 aka sayo Giannelli Imbula daga Porto a kan fam miliyan 18.3, mafi tsada a tarihin ƙungiyar, don ya cike gurbin Nzonzi. A Maris gola Jack Butland ya karye a idon sawu yana buga wa Ingila. A Afrilu aka ci su huɗu-huɗu sau uku a jere: 4-1 a Liverpool, 4-0 hannun Tottenham, 4-0 a Manchester City. Yadda ake cin su iri ɗaya ne. Su yi asarar ƙwallo a tsakiya, 'yan bayan gefe na sama, 'yan gaba uku ba su dawo ba, a bar 'yan bayan tsakiya biyu da fili fetal. Sun sake ƙarewa na 9 da maki 51, amma ci ya sauka zuwa 41, abin da aka ci su ya hau 55. A kakar nan Leicester ta ɗauki kofin da maki 81, tana barin ƙwallo ga abokan hamayya tana cilla wa Jamie Vardy, Huth na tsaye a bayanta.

Agustan 2016 zuwa Janairun 2018: tsakanin hanya biyu

Kakar 2016/17 sai a wasa na takwas suka fara cin wasa. An sayo Joe Allen, an karɓo aron Wilfried Bony, a Janairu aka biya fam miliyan 12 a kan Saido Berahino, wanda bai ci wa Maginan ko ɗaya a Firimiya ba. Bojan ya tafi aro. Imbula ya koma benci. Da abu ya ƙi, sai a tada Crouch a koma cilla masa, amma yanzu babu masu rugawa su tsinci abin da ya goga. Maki 44, na 13, sun ci 41, an ci su 56.

A bazarar 2017 Arnautović ya tafi West Ham, Walters da Phil Bardsley suka tafi Burnley, Whelan ya tafi Aston Villa. Aka kawo Kevin Wimmer a kan fam miliyan 18, Jesé aro daga PSG, Kurt Zouma aro daga Chelsea, da Darren Fletcher da Eric Maxim Choupo-Moting na Kamaru kyauta. Hughes ya koma 'yan baya uku, har Diouf da aka sani da cin ƙwallo ya koma tsaron gefen dama.

An fara da daɗi, Jesé ya ci Arsenal 1-0, Choupo-Moting ya ci biyu aka yi 2-2 da Manchester United. Sai ruwan ƙwallaye: 4-0 hannun Chelsea, 7-2 a Manchester City ranar 14 ga Oktoba, 5-1 a Tottenham, 5-0 a Chelsea. Bayan wasa 22 suna da maki 20, an ci su 47. Ranar 6 ga Janairun 2018 Coventry, ƙungiyar rukuni na huɗu, ta fitar da su daga Kofin FA da ci 2-1. A daren aka sallami Hughes.

Janairu zuwa Mayun 2018: komawa baya a makare

Paul Lambert ya karɓi aiki ranar 15 ga Janairu. Ya koma 'yan baya huɗu, ya matse layi, ya nemi gudu da zufa. Wasansa na farko ya doke Huddersfield 2-0. Ɗinkin baya ya kama, domin a wasa 15 ƙwallo 18 kawai aka ci su. Gaba ce ta mutu, ƙwallo 12 suka ci. Crouch na da shekara 37, babu Delap, babu masu ɗago ƙwallo daga gefe, komai ya rataya a ƙafar hagun Shaqiri, wanda ya ƙare kakar da ƙwallo 8, mafi yawa a ƙungiyar. A Fabrairu, ana 1-1 da Brighton, suka sami fenariti a minti na ƙarshe, Jesé da Adam suka yi ja-in-ja a kan wanda zai buga, Adam ya buga gola ya tare.

Lambert ya ci wasa 2, canjaras 7, an doke shi 6. Ranar 5 ga Mayun 2018 Crystal Palace ta zo gida ta ci 2-1, Maginan suka faɗi. Sun ƙare na 19 da maki 33, sun ci 35, an ci su 68. Bayan wasan Butland ya fito fili ya soki yadda aka yi ta sayen 'yan wasan da ba a iya dogara da su. Oghenekaro Etebo ya zo a bazarar, John Mikel Obi ya buga musu kakar 2020/21, an yi ta canza koci, amma har ƙarshen kakar 2024/25 ba su dawo Firimiya ba.

Lissafi da hukunci

Kaka biyar ta dogon bugu: maki 225, sun ci ƙwallo 188, an ci su 249. Kaka biyar bayan sauyi: maki 232, sun ci 210, an ci su 276. Kowane ɓangare wasa 190 ne, kuma bambancin maki bakwai ne kacal. Na daɗe ina duban wannan lissafi, domin duk gardamar da muka sha a kan wane salo ya fi, ga inda ta tsaya a ƙungiyar da ta gwada duka biyun.

Bambancin yana cikin yadda makin ya rabu. A hannun Pulis bai taɓa wuce 47 ba, bai taɓa yin ƙasa da 42 ba. Bayansa ya kai 54, ya kuma faɗo 33. Dogon bugu ya yi aiki saboda ya rage abin da ake nema daga kowane ɗan wasa zuwa abin da zai iya yi ko a ranar da ba ya jin daɗin jikinsa: tsalle, gudu, tsayuwa a gurbi. Ya kuma nisanta kuskure daga raga. Inda ya gaza shi ne cin ƙwallo. Makaminsa mafi kaifi hannun mutum ɗaya ne, da Delap ya tsufa ba a sami madadinsa ba, kuma kuɗin da aka zuba a 2011 bai ƙara ko maki ɗaya ba. Ina ganin Coates ya yi daidai da ya nemi sauyi a 2013.

Shekara biyun farko na Hughes su ne mafi kyawun abin da ƙungiyar ta yi, kuma in aka duba da kyau gauraye ne. Ana raba ƙwallo a ƙasa idan fili ya samu, ana cilla wa Crouch ko a sake wa Diouf idan bai samu ba, ga ƙashin bayan da Pulis ya bari yana ɗauke da nauyin. Ba-ni-in-ba-ka yana buɗe ƙungiya, 'yan wasa su warwatsu don su karɓi fasin, saboda haka yana da sharaɗi biyu da ba a ɗaga ƙafa a kansu. Dole a sami ɗan tsakiyar da zai karɓi ƙwallo ana matsa masa bai yar ba, kuma dole da an yi asararta kowa ya taso a ƙwato nan take. Barcelona ta Guardiola na da Busquets, kuma Messi da Pedro da kansu suna korar 'yan baya. Maginan daga 2015 sun yi ta sayen masu ƙawata wasa a gaba, suna sallamar masu ɗaukar wahala ɗaya bayan ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ta bayyana tun Afrilun 2016, aka shekara biyu ba a liƙe ta ba. Lokacin da Lambert ya so komawa tsohuwar hanya, mutanen da suka iya ta suna Burnley da Aston Villa da Leicester.

Teburin 2017/18 kansa ya ƙi goyon bayan kowane ɓangare. Manchester City ta ɗauki kofi da maki 100 da ƙwallo 106, fasin a ƙasa zalla. Burnley ta Sean Dyche ta zo ta 7 da dogon bugu, ƙwallo 36 kawai ta ci, ta sami gurbin Turai. Waɗanda suka faɗi tare da Maginan su ne Swansea, wadda ta hau Firimiya a 2011 da ba-ni-in-ba-ka har ta ɗauki League Cup a 2013 kafin ta sake hanyarta, da West Brom, wadda ta fara kakar da Pulis ɗin nan ta kore shi a Nuwamba. Ƙungiyoyi biyun da suka san abin da suke yi sun ci riba, kowacce da salonta. Ukun da suka faɗi duk sun canza koci a tsakiyar kaka, da 'yan wasan da aka tara don salo dabam-dabam.

In aka ce in nuna rana ɗaya da lamarin ya karkace, zan nuna ranar da aka sayar da Nzonzi a Yulin 2015. Shi ne mutumin da ya iya hanyoyin biyu: dogo ne da ke cin ƙwallon sama, kuma ba a ƙwace ƙwallo a ƙafarsa cikin sauƙi. An biya fiye da ninki biyu na kuɗinsa a kan Imbula, ba a sami rabin aikinsa ba. Ranar 15 ga Yulin 2018, mako goma bayan faɗuwar Maginan, Faransa na fama da Kuroshiya a tsakiyar fili a wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Mosko, Didier Deschamps ya cire N'Golo Kanté ya sa Nzonzi.